Wasan da Na Koya wa 'Yar Yayana

A lokacin ina budurwa a gidanmu a Gummi, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ba ni da aikin yi sai tsokana da kallon fim. Ni ce auta, bakina ba ya hutawa, kuma duk unguwa an san ni da son fim ɗin ban tsoro. Ranar kasuwa ba ta wucewa ban kai memori wurin mai tura finafinai a bakin tasha ya cika mini da sababbin fassara ba. Na rubuto muku ne domin abin da wannan son ya jawo ya daɗe yana cina, kuma har yau ban iya faɗinsa da baki ba.

A gidanmu kowa da irin tsoron da yake so. Babban yayanmu na kisa yake kallo, inda wani taɓaɓɓe zai bi mutane da gatari, yana cewa wannan ko ba komai mutum ne, ana iya tsere masa. Inna ba ta zama kallo, takan ce wanda ya je ya nemo wa kansa tsoro ya rasa aikin yi, amma sai ka gan ta ta leƙo ta taga tana tambaya ko yarinyar nan ta tsira. Ni kuwa nawa na aljanu ne, musamman wanda aljani zai shiga jikin ƙaramin yaro ya sandare, idanunsa su juye, jikinsa ya riƙa karkarwa. In ban ga irin wannan ba, a wurina ba a yi fim ba.

Sai matar Yaya. Daga wani ƙauye take a ƙasar Bukkuyum, kuma bazawara ce lokacin da ya aure ta. Mace ce mai sanyin magana, amma ba matsoraciya ba, don na sha ganin ta kashe kunama da silifa ba ta ko daina hira ba. Ita fim ɗin manyan macizai da kadoji take so. Kada zai haɗiye mutum tana dariya, tana cewa shi ma da gangancinsa, wa ya aike shi bakin ruwa. Jini bai dame ta ba. Amma da zarar an nuno yaro ya fara karkarwa, sai ta miƙe, wai tukunyarta za ta ƙone, ko da kuwa babu wuta a murhu.

Kun san akwai wasa tsakanin matar wa da ƙanwar miji, ni kuma na riƙe wannan wasan na wuce da shi gona da iri. Kullum ina yi mata tsiya, ina cewa mai kashe kunama ta gudu saboda ɗan yaro a talabijin. Wata rana ta kira ni gefe, ta roƙe ni a hankali in bar mata wannan, ta ce kowa da abin da zuciyarsa ba ta ɗauka. Na yi dariya na ce sai na cire mata tsoron nan ko da tsiya. Na san dai ta haihu a aurenta na fari, an ce yaran ba su zauna ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Ita ba ta taɓa ɗaga zancen ba, don mace mai kara ba ta kama sunan ɗan fari ko yana raye, balle ya rasu. Ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Sun haifi yarinya da Yaya, wadda a lokacin ba ta wuce shekara uku ba, kuma ta shaƙu da ni ƙwarai, duk abin da na yi sai ta kwaikwaya. Uwar tana ɗauke da wani cikin, ya tsufa. Wani yammaci bayan la'asar, ba wutar lantarki, zaman ya ishe ni, sai shaiɗan ya raya mini dabara. Na ja yarinyar ɗaki na koya mata yadda yaran fim suke yi: ta kwanta, ta ƙame hannuwa, ta juya ido sama, ta riƙa girgiza. Na shafa mata kumfar madara a gefen baki, na yi mata alkawarin alewa in ta yi da kyau. Na kwantar da ita a tsakar gida, na ƙwala wa uwar kira na ce ta zo ta ga 'yarta, sannan na laɓe bayan ƙofa ina toshe baki don kada dariya ta tona ni.

Ta fito daga madafa tana goge hannu a zane. Da ta hango yarinyar, ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ta zuba da gudu, ƙafarta ta harɗe da taɓaryar da aka bari a ƙasa, ta faɗi a kan cikinta. Ba ta tsaya ba, da rarrafe ta ƙarasa. Ta rungumo yarinyar tana jijjiga ta tana kiran suna, amma ba sunan yarinyar ba. Sunan namiji ne, wanda ban taɓa ji a gidanmu ba. Yarinyar ta gaji da wasan, ta fashe da dariya, ta juyo tana nemana tana cewa in ba ta alewarta. Na fito ina dariya ni ma. Dariyar ta yanke lokacin da na ga jini yana bin zanen matar Yaya.

An kai ta asibiti. Ita ta rayu, amma abin da ke cikinta bai zo da rai ba, namiji ne. Yaya bai dake ni ba, bai zage ni ba, kallona kawai ya yi ya wuce, kuma wallahi da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Inna ce ta zaunar da ni bayan an dawo daga maƙabarta, ta ba ni labarin da aka ɓoye mini. Mijin farko na matar Yaya yana cikin masu haƙar zinari. A gida yake niƙa duwatsun, ƙurar tana sauka inda yara suke rarrafe, har turmin da ake daka hatsi an daka dutse a ciki. A shekarar da gubar dalma ta kwashe yara a Dareta da Sunke da ƙauyukan Bukkuyum, 'ya'yanta biyu suka kwanta. Amai, sai sandarewa, sai idanu su juye. Mutanen gari suka ce iskoki ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Babban ya cika a cinyarta, ƙaramar ta bi shi ba da daɗewa ba, tun kafin likitoci su iso su faɗi ainihin ciwon. Sunan babban ne ta kira ranar. Na sha jin zancen gubar nan a rediyo ina cin gyaɗa, ban taɓa kawowa a raina wadda abin ya ci tana dafa mini tuwo ba.

Na daɗe ban iya shiga ɗakinta ba. Ranar da na shiga, na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yafe, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa. Sannan ta ce na iya koyarwa, don yadda yarinyar ta yi haka nata suka yi, ba abin da na rage. Bambanci ɗaya ne, in ji ta, nata ba su tashi sun yi dariya ba.

Ba a jima ba Yaya ya kwashe iyalinsa suka koma Anka, ya ce kasuwa ce ta kai shi, kowa kuma ya san ba ita ba ce. Har yau ba ta sake haihuwa ba. Ni ma na yi aure, ina da yara, kuma duk ranar da zazzaɓi ya kama ɗayansu na ga jikinsa ya ɗan motsa cikin barci, fuskarta nake gani a tsakar gidanmu. Yarinyar ta girma, ba ta tuna komai. In sun zo da salla da gudu take rungume ni tana kirana Gwaggo. Uwar tana gaishe ni da fara'a, amma ba ta taɓa barin mu mu biyu a ɗaki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ban rubuto don in ce kowa ya bar kallon fim ɗin tsoro ba, kowa ya san abin da ya fi masa. Ni dai na gane cewa abin da nake ɗauka ra'ayi ne kawai, wannan na son maciji, wancan na son aljani, wani lokaci tabo ne a ƙarƙashinsa. 'Yan uwana masu tsokana irina, in kuna kallo wani ya tashi ya ce tukunyarsa za ta ƙone, ku bar shi ya tafi, kada ku bi shi da dariya. Matar Yaya ta roƙe ni da bakinta in bar mata wannan abu ɗaya, na ƙi, kuma ɗan da take jira ne ya tafi a kan wasana.