Doguwar Kujerar Likita Tiyanjane

Duk matar da Likita Tiyanjane Mbewe ta sa wa sabon ƙugu ta san dokokin nan uku, ko daga barci aka tashe ta za ta jero su: ba durƙuso, ba tsuguno, ba zama a ƙasa. Ni ce nas ɗin da ke miƙa mata kayan aiki a ɗakin tiyata, tun muna da sauran ƙuruciya har muka yi furfura, don haka na ji su har sun gundure ni.

Likitar takan ce, "Iya, kin ji ni ko? In na samu labarin kin durƙusa wa wani, ko mai unguwarku ne, har gida zan zo in ƙwace ƙarfena."

"Haba likita! In miƙa wa maigida tuwo a tsaye kamar soja?"

"Shi ya durƙusa ya karɓa mana. Ai nasa ƙugun lafiya lau yake."

Ba mugunta ba ce. Ƙarfen da ake sa wa mutum a mahaɗar ƙugu, in aka lanƙwasa ƙafa da yawa kafin nama ya kama shi, gocewa yake yi daga gurbinsa. Wanda ya taɓa jin ihun mai wannan ciwon ba ya mantawa.

Ita ma da ɗingishi ta tashi. Tana ƙarama a ƙauyensu na wajen Ntcheu a Malawi ciwo ya ci mata ƙugun hagu, ta yi damina guda a kwance a asibitin mishan, ta fito ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. 'Yan makarantarsu suka sa mata suna Kwale-kwale, wai tana tafe tana tangaɗi. Da wannan tangaɗin ta gama karatun likita a Blantyre, ta tafi Afirka ta Kudu ta koyo aikin ƙugu, ta dawo. Lokacin masu yin sa a Malawi ba su cika yatsun hannu ba, kuma duk maza ne ƙarti, don aiki ne na zarto da guduma. Suka ce ba za ta iya ba. Kai, ta ba su kunya!

Mijinta, Wyson Kachingwe, kafinta ne. Mutane sun yi ta surutu, wai likita guda ta rasa miji sai mai ƙurar katako a gashi. Ita kuwa cewa take aikinsu ɗaya, shi dai katakonsa ba ya zubar da jini. Shi ya lura matan da take sallama ba su da abin zama a gida sai tabarma da 'yar kujerar tsuguno. Sai ya fara haɗa musu doguwar kujera mai hannuwa, yana zuwa har gadon asibiti ya auna tsawon ƙafar kowace. Bai cika magana ba, sai murmushi. In ta fara faɗa yakan ce mini, "Sista Esnart, a bar ta ta sauke, yanzu za ta nemi shayi."

Tsayuwar tiyata ta shekara da shekaru ta ƙarasa cinye ƙugun nan na hagu. Da ƙyar muka lallashe ta ta kwanta, wani ɗalibinta ya yi mata aikin. Ya fito yana share gumi, ya ce mini gurbin ya lalace tun yarinta, ƙarfen bai zauna yadda yake so ba, idan ya goce sau ɗaya shi ke nan. Ita ma ta ga hoton ƙashin, ta fi shi sani. Wyson ya haɗa mata tata kujerar da jan katako, ya goge ta har tana ƙyalli. Marasa lafiya kuwa suna can suna jiran ta warke ta dawo.

Ba ta ko yar da sanda ba, ranan Wyson ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa da hantsi. Kafin a kawo shi wurinmu rai ya yi halinsa.

Da za a kai gawa ƙauyen su Wyson, ni da hannuna na ɗora kujerar a bayan mota, don na san abin da ke gaba. Maza suna waje a kan benci. Akwatin gawa yana tsakar ɗaki a ƙasa, mata sun kewaye shi a kan tabarmi, ƙafafu a miƙe, matan coci suna waƙa. Wurin matar mamaci yana nan a ƙasa, daidai wajen kan akwatin, an bar mata shi. Na ratsa su na dire kujerar a wurin, ina hararar kowa, ina jiran wata ta ce uffan in wanke ta tas.

Ashe ba mai niyyar hanawa. Nachisale ma, yayar Wyson, tsohuwar da kowa ke shakka, ita ta kama hannun Tiyanjane.

"Zauna a kujerarki, matar ƙanena. Duk wadda ta yi gulma ta zo ta same ni."

Tiyanjane ta dubi kujerar, ta dubi akwatin. Sai ta miƙo mini sandarta.

"Riƙe mini, Esnart."

"Ba zan riƙe ba! Kin haukace ne? Ke da bakinki kike hana mutane."

"Yana ƙasa, ni ina sama ina leƙensa kamar na zo zagayen marasa lafiya? Mijina ne."

Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na tuna mata da masu jiran ta. Ko kallona ba ta yi ba. Ta dafa kafaɗar Nachisale ta sulale a hankali, ta zauna daɓas, ta kwantar da kanta a jikin akwatin. Sai a lokacin ta yi kuka. Tun da ya mutu ban ga hawayenta ba sai da ta kai ƙasa.

Da rana ta take aka shigo ɗaukar gawa. Ta yunƙura za ta bi su, na ji ƙas! Ba ta yi ihu ba. Ta dafe ƙugun, gumi ya karyo mata, ta ce mini a hankali, "Ya fita." Na ce a kawo mota yanzu-yanzu. Ta ce ba inda za ta sai an rufe shi. A kan kujerar nan samari suka ɗauke ta, a karkace, har bakin kabari, ta zuba ƙasarta da hannunta.

Kafin mu isa Blantyre jijiya ta riga ta taɓu. An sake yi mata tiyata har sau biyu. Tana takawa yanzu da sanda, tana jan ƙafar, amma tsayuwar tiyata ta ƙare. Waɗanda ke jiran ta aka rarraba su, wasu har yau ba a kai gare su ba. Na daɗe ina fushi da ita, Allah ya sani, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kwanan baya na je gaishe ta, na same ta a baranda a kan kujerar, tana shafa hannun katakon. Bakina bai iya shiru ba.

"Yanzu fisabilillahi, me zaman ƙasan nan ya ƙara wa Wyson?"

"Shi ba komai," ta ce. Sannan ta ɗago. "Esnart, mata nawa na hana zama a ƙasa? Ko ɗaya ban taɓa tambayarta yadda za ta yi ranar da mijinta ya mutu ba. Kuma ko ɗaya ba ta gaya mini ba."

Na tashi na shiga ciki na ɗora mata ruwan shayi.