Matar Teku da Kaka Ta Jefi Babana da Ita

Ni ɗan Akokan ne, kuma sai da na yi gemu kafin na ga ruwan da ya fi ƙarfin tsallakawa. Ruwanmu na famfo ne, a site, unguwar ma'aikatan ma'adini, inda babana yake da ɗaki biyu. Amma teku na san ta tun ina shekara tara, daga bakin Kaka Hajjo, uwar innata, wadda ta yi ƙuruciyarta tana suyar kifi a Kwatano kafin ta koma Gaya ta bakin kogi.

Haihuwar ƙanwata ce ta kawo ta. Inna ta roƙi a bar ta ta tafi wankan gida Gaya, kamar yadda ake yi wa kowace mace, Baba ya hana. Ya hana a haihuwata, ya hana a ta biyu, wannan ce ta uku. Hujjarsa ɗaya ce kullum: ga likita kyauta, ga famfo a tsakar gida, me za a je nema a bakin kogi? Sai ya aika aka ɗauko tsohuwa a mota, kwana uku a hanya. Kowace yamma Kaka kan hura wuta a ƙarƙashin rabin tano, gangar ƙarfe, don ruwan wankan jego, mu kuwa mu kewaye ta, da matan maƙwabta biyu ko uku. Baba yana zaune bayan katanga da rediyonsa. Suruka ba ta faɗa wa mijin 'yarta magana ido da ido, ko sunansa ba ta kamawa. Wannan kunyar ce ta sa ta ɗauko tatsuniya.

"Ga wata ta fito daga ruwa," in ji ta, "wa zai tarbe ta?"

Muka ce ta zo mu ji ta.

Wani falke ne ya kai fatu bakin teku, ya ga mace a kan dutse tana taje gashi, daga ƙugu zuwa ƙasa kifi ce. Ya manta jakunansa, ya manta sunan garinsu. Kwana bakwai yana shiga ruwa har wuya don ya zauna kusa da ita, ita kuma tana ɗora tafinta mai sanyi a ƙirjinsa har zazzaɓin tafiya ya sake shi. A nan Kaka takan gyara itace ta ce, "Abin da ya biyo baya na manya ne, ku toshe kunne." Matan su fashe da dariya, wata ta ce, "Hajjo, ke dai Allah ya shirye ki!" Matar teku ta so shi har ta roƙi ƙafafu, ta bi shi arewa inda babu ko tafki. Sharaɗinta ɗaya: duk shekara ya mayar da ita ta nutse a ruwan gidansu sau ɗaya.

Ya gina mata ɗaki, ya saya mata zinariya, ya haƙa mata rijiya a tsakar gida. In shekara ta zagayo ya ce, "Ba ga ruwa nan ba?"

Kaka takan ɗaga murya daidai wannan wurin, ta juya fuskarta wajen katanga. "Wawan namiji! Shi a ganinsa duk abin da ya jiƙa hannu ruwa ne." Fatar matar ta fara tsagewa, waƙarta ta ƙafe. Wata safiya ya ɗaga mayafi ya tarar da tulin gishiri mai siffar mace. Kaka ba ta taɓa rufe wannan tatsuniyar da ƙurunƙus ba. Sai dai ta miƙe ta ce ruwa ya tafasa.

Sau huɗu ta ba da ita a cikin kwana arba'in ɗin nan. Ni ina jin daɗin wutsiyar kifi, ban san jifa ake yi ba. Abin da na lura da shi kawai, duk lokacin da aka zo kan rijiya, Baba yakan ƙara ƙarar rediyo. Ya ji, wallahi ya ji. Wannan ne abin da har yau yake ƙona mini rai. Mutumin da yake da konje, hutun aiki, duk shekara, da mota tana tashi kudu kowane mako, ya zauna yana cewa baɗi. Inna ta yi shekara goma sha tara a garin nan ba ta sake ganin kogi ba. Ba duka, ba zagi, ba yunwa, kowa yana cewa ta yi dacen miji. Ta rasu a gidan da yake da famfo.

Yanzu ni dillalin tayoyi ne a Arlit, na kamiyo da na ƙananan motoci, kuma ba wanda ya ba ni jari. Na san ƙaryar ciniki tun kafin mutum ya buɗe baki. Na daɗe ina riƙe da Baba a zuciya, ko gaisuwar Salla a taƙaice nake yi masa. To watan jiya matata Rabi, 'yar Madarunfa, da cikinta na fari wata bakwai, ta kawo mini shayi a shago ta tsaya tana murza bakin mayafi.

"Maigida, innata ta ce ko za a bar ni in zo wanka gida."

"Hanya ba kyau," na ce, ban ko ɗago ba. "Ga likita nan kusa, ga ruwa a gida. In ya so a ɗauko ta ta zo."

Ta ce to, ta juya. Sai da ta kai bakin ƙofa na gane muryar Baba ce ta fito daga bakina, har da yadda yake jan "ga ruwa". Na yi jifa da kofin shayin ya bugi taya. Duk fushin shekara talatin, ashe mai laifin yana zaune a cikin rigata yana jiran ranarsa.

Hanyar da gaske ba kyau, ban yi ƙarya ba, shi ma Baba bai taɓa yin ƙarya ba. Na sa sababbin tayoyi huɗu a motata, na rufe shago kwana takwas ana tsakiyar ciniki, na kai ta da kaina. Da muka hango tafkin Madarunfa ta ce in tsaya. Ta cire takalmi, ta taka a hankali da cikinta, ta shiga har idon sawu, ta tsaya tana kallon ruwan. Ban kira ta ba. Na kashe mota na jira.