Jitar Goggo Hajara

Har yau ban manta da ranar da na shiga gidan takaba a Kwadon na fito rungume da jita ba. Ku da kuka kama aikin rediyo bayan na yi ritaya, ku saurara.

Lokacin ina babbar furodusa a sashen Hausa, wato ni ke haɗa shiri tun daga neman baƙi har ya kai kunnen jama'a. Muna da shirin kiɗa duk Asabar, inda wani dattijo ɗan kudancin Gombe, Baba Yohanna, ke kaɗa jitar katako, irin wadda ba ruwanta da lantarki. Ba ma'aikacin dindindin ba ne. In an yi shiri a biya shi, da wannan yake ciyar da iyalinsa. Da damina rufin situdiyo ya yi yoyo, jitarsa ta jiƙe ta tsage.

Ofis ya sayo sabuwa a kasuwa. Ya taɓa ta sau ɗaya ya ajiye, ya ce, "'Yata, wannan ai kwanon sha ne. Katakon bai bushe ba." Kwanturola, shugaban sashen shirye-shirye, ya ce in wata ya ƙare babu jita zai cike gurbin da faifai. Ma'ana, abincin Baba Yohanna ya ƙare.

Shi Baba Yohanna ya san inda wata tsohuwar jita take. Da ƙuruciya sun yi kiɗan biki tare da Alhaji Umaru na Kwadon, wanda daga baya ya koma fataucin hatsi, kuma bai daɗe da rasuwa ba. Aka tura jami'in sayayya da wani abokin aiki. Babban ɗan marigayin, Malam Bello, ya tarbe su a zaure ya ce, "Mahaifinmu mutumin sahun gaba ne a masallaci. Ba mu san wata jita ba." Suka dawo hannu biyu.

Na ce wa Kwanturola, "Ranka ya daɗe, a ba ni mota."

"Hajiya Rabi, maza biyu fa suka kasa."

"Maza a zaure suke tsayawa, ranka ya daɗe. Ni har ɗaka nake shiga."

Matar marigayin, Goggo Hajara, tana takaba. Ba ta fita, ba ta ganin baƙi maza, don haka ba wanda ya tambaye ta komai. Na riƙe sabulu da goro, na wuce zauren da sallama. Na yi mata ta'aziyya, muka yi addu'a, ban ambaci jita ba. Da zan miƙe na ce, "Goggo, Baba Yohanna yana gaishe ki."

Ta ɗago kai. "Yohanna mai dogon wuya? Yana raye?"

Na zauna na faɗa mata komai. Ta nuna min saman sif, na sauko da abu naɗe cikin tsohon zani. Katakon ya yi ja kamar zuma, wurin da hannu ke gogawa ya sule. Na ja tsirkiya ɗaya, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ta ce, "Da ita Umaru ya nemi aurena. Da zai tafi Makka ya ba ni ita."

Malam Bello ya ji sautin ya leƙo. "Inna, me mutane za su ce?"

"Tawa ce, Bello, ba ta cikin kayan rabo. Ubanka bai taɓa jin kunyarta ba, dainawa kawai ya yi."

Ta so ta ba mu kyauta. Na ce a'a, ofis saye yake yi, kuma mai abu ake biya. Jami'in sayayya da ke jira a mota ya biya ta hannuna, yana ta sosa ƙeya.

Ranar Asabar Baba Yohanna ya yi kiɗan da ban taɓa jin ya yi irinsa ba. Da muka buɗe layin masu sauraro, sai ga muryar tsohuwa daga Kwadon: "Ku gaya wa Yohanna tsirkiya ta uku ta yi sako-sako. Umaru ya fi ɗaure ta."

Dattijon ya cire hula, hawaye na zuba, ya ɗaure tsirkiyar, ya sake kaɗawa. Ya ci gaba da shirinsa duk Asabar har ƙarfinsa ya ƙare.

Abin da na koya ke nan, yarana. In an aike ku neman abu, kada ku karɓi "babu" daga bakin wanda ba shi ne mai abun ba. A gidajenmu mai amsa sallama daban, mai abu daban, kuma sau da yawa tana can ciki, ba wanda ya tambaye ta.