Ƙofar Ƙarfen da Ba Mu Yanka Ba

Ko na tsufa har na manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da wani tsoho ya hana mu ƙofar ƙarfe a bakin tekun Legas ba.

Lokacin ina sana'ar gwangwan, wato tara tsofaffin ƙarafa a sayar, a Ajegunle, mu uku 'yan gari ɗaya. Ɗan gwangwan kuwa ba ya ganin gini, sai ƙarfen da ke jikinsa. Wani mai kwalekwale ya kai mu wani ɗakin kankare a cikin yashi, inda sojoji suka yi gadin gari a yaƙin duniya na biyu, don kada abokan gaba su shigo ta ruwa. Akwai allon gwamnati da ya hana taɓa komai, amma da Turanci aka rubuta, mu kuma ba mu yi boko ba.

Mun kafa zarto ke nan sai ga wani tsoho ya fito daga ciki riƙe da tsintsiya, siriri kamar a hure shi ya faɗi. Bai ɗaga murya ba, ya zo ya jingina da ƙofar.

Ya ce, "Samari, ku fara da ni, na fi ta laushi."

Na ce, "Baba, tsatsa ce kawai fa, ba ta kowa ba ce."

"Oya, shigo ka gani."

Na bi shi. A jikin bango sunayen sojojin ne da ajami, an zana su tun siminti yana ɗanye, kowane da sunan garinsu. Wannan kam na iya karantawa. A ƙasa ga layin da suka ja na alƙibla. Ya ɗora yatsa a kan suna ɗaya, ya ce, "Mahaifina ke nan. In ƙofar nan ta tafi, gobe nan ya zama makewayi." Ashe duk Asabar daga Agege yake tasowa, ya hau motar danfo, ya hau kwalekwale, ya share wurin. Ba wanda ya sa shi.

Kunya ta rufe ni. Ɗaya daga cikin abokaina ya so ya yi gardama, na fizge zarton daga hannunsa. Man da muka kawo don kwance ƙusoshi, shi muka zuba wa ƙofar har ta daina kuka.

Wallahi ban taɓa ganin jarumi kamarsa ba. Tun ranar na gane ba duk abin da ya yi tsatsa ne ya rasa mai shi ba, kuma ban ƙara ɗora zarto a kan abu ba sai na tambayi na wane ne.