Halilu Mai Walda da Tankin Gwadabe

A reluwe Halilu ya koyi walda, tun lokacin da jirgin ƙasa ke shigowa Ƙaura Namoda cike da mutane da kaya. Da jirgi ya fara ƙaranci sai ya kafa rumfa a bakin hanyar Shinkafi, shi da ƙaninsa Jafaru. Halilu ba mai yawan magana ba ne, amma in ya narka sandar tagulla da wutar gas a kan lagireto mai yoyo, to wurin ya daina zuba ke nan. Jafaru shi ne bakin rumfar, shi ke tarbar direbobi yana ba su dariya. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara aiki ya buɗe musu, don kowane sabon ma'aikaci ƙofar ƙarfe yake so a gidansa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ana wahalar mai. Wata rana da hantsi wani direba mai suna Gwadabe ya kawo tankin da yake safarar fetur da shi zuwa bakin iyaka, ya tsage a gindi.

Halilu ya ce, "Ka wanke shi?"

"Wallahi maigida, tun jiya shina cike da ruwa da omo. A taimaka, sauri nika yi."

Halilu na fama da mura, ya sansana bai ji komai ba. Ya so a sake cika tankin da ruwa, Jafaru ya ce, "Haba yaya, mutum ya rantse." Ya durƙusa ya rungumi tankin ya karkata masa.

Wutar na taɓa ƙarfen, tankin ya fashe. Ƙarar har kasuwa aka ji ta. Kwanon rumfar ya tashi sama, Halilu ya faɗa cikin kwata rigarsa na ci da wuta, mutane na watsa masa ƙasa. Da ya ɗago sai ya ga Jafaru a jingine da ginin maƙwabta, murfin tankin ya shige masa ƙirji, jini na ta bulbulowa daga bakinsa. Kafin a samo mota ya cika. Gwadabe kuwa tuni ya ja motarsa ya gudu.

Halilu ya daɗe a asibiti. Ya fito fatar wuyansa a tattare, kunnensa na hagu ya mutu. Bai kai ƙara ba.

Bayan damina ya je kasuwar Moriki gyaran keken shanu, sai ya hangi Gwadabe a kan benci yana cin tsire. Rodi ne a hannun Halilu. Bai yi sallama ba, ya sheme shi a muƙamuƙi, haƙora suka zube a kan takardar tsiren. Gwadabe ya faɗi yana kare kansa, Halilu ya ƙara masa a hannu, ƙashin ya karye ya hudo fata. Sai da mahauta suka taru suka danne Halilu kafin aka ƙwace rodin, yana ta huci yana kiran sunan ƙaninsa.

A kotu alƙali ya ce wa Gwadabe yana da haƙƙin ƙisasi, a cire wa Halilu haƙora yadda ya cire masa. Gwadabe ya yi magana kansa a ƙasa, bakinsa ɗaure da wayar asibiti. Da ƙyar aka ji shi.

"Allah shi gafarta malam, ban wanke tankin ba. Man kawai na juye. Na yahe mai."

Halilu ya ce, "Ni ban yahe ba."

Alƙali ya sa aka yi wa Halilu bulala a bainar jama'a saboda ɗaukar doka da hannunsa. Ya tsaya ƙyam har aka gama, tabon ƙunar da ke bayansa ya fashe yana jini. Gwadabe kuma aka kai shi gidan yari saboda ran Jafaru.

Daga nan Halilu ya kwashe iyalinsa da marayun ƙaninsa ya koma Dauran, yana gyaran garma da keken shanu. Manoma sun san sai an tsaya ta damansa ake yi masa magana. Gwadabe ya fito da shanyayyen hannu, ya kama sayar da goro a Shinkafi. Sau ɗaya suka sake haɗuwa, wajen wata jana'iza a Zurmi. Sahu ɗaya suka tsaya, aka sallame, kowa ya nemi takalmansa ya kama hanya.