Mai Ƙara Wa Motar Baba Ruwa

Babana tsohon soja ne mai muƙamin saje, direban manyan motoci, kuma ko da ya yi ritaya ya dawo Zuru bai ajiye ɗabi'ar bariki ba. Kullum da safe sai ya yi wa tsohuwar motarsa fareti: ya ɗaga bonet, ya duba baƙin mai, ya buɗe lagireto ya leƙa ruwa, ya zagaya tayoyi yana dukansu da ƙafa. Ni ce 'yarsa ta fari, ni ya koya wa tuƙi, kuma ni na gaji zafin ransa. Da ciwo ya kwantar da shi, makullin ya dawo hannuna, faretin ma ya zama nawa.

A ƙarshen daminar nan likita ya kira ni gefe ya ce mu koma gida da shi mu riƙa lallaɓa shi. Na gane abin da yake nufi, Baba ma ya gane. Ranar ya ce mini abu ɗaya yake so, a kai shi ƙauyenmu da ke gaba da Ribah, ya ga dawarsa ta fitar da kai, ya kwana a ɗakin da aka haife shi.

Faɗar hakan ta fi yinsa sauƙi. Saboda 'yan bindiga, hanyar ta zama ba a binta sai ranar kasuwa, motoci su taru da safe su tafi a jere. Kowa ya san ƙa'idar tafiyar ko da ba a faɗa ba: ba a tsayawa. In motarka ta mutu a daji, na bayanka zai kauce ya wuce yana yi maka addu'a. Na zagaya tasha, ba direban da ya yarda ya wuce Ribah, ga shi Baba ba ya iya zama, sai a kwance. Motarsa ce kaɗai za ta kai shi.

Ita kuwa motar sai ta zaɓi wannan lokacin ta fara yi mini iya shege. In na tayar da ita da safe sai ta yi ta karkarwa, farin hayaƙi na fita ta salansa. Muna dawowa daga asibiti na ga allurar zafin inji ta hau sama, ta sauko, ta sake hawa. Gabana ya faɗi. Ana jibi kasuwa na kai ta wurin makanikenmu, wani dattijo Bakabe mai gareji a gindin mangwaro, wanda suka shekara da shekaru suna faɗa da Baba a kan wa ya fi sanin inji.

Ya bari ta huce, sannan ya cire murfin baƙin mai ya juya shi. Akwai ɗan abu fari-fari a ciki, kamar an ɗiga madara a shayi.

"Wannan fa?" na tambaya.

"Sanyin sahiya na yin haka," in ji shi. "Gaskit ma na yin haka. Dakata."

Ya zaro sandar awon mai, ya murza man a yatsa, ya shinshina. Ya kwance fulogogi ya jera su a kan tsumma. Duk sun yi baƙi ban da ɗaya, wanda ya fito tas kamar an wanke shi da sabulu. Na ga ya daɗe yana kallon wannan ɗayan, kuma ban so kallon ba. Ya mayar da su, ya buɗe lagireto, ya ce in tayar. Muka sunkuya muna leƙen ruwan. Shiru, shiru, can sai ga kumfa ɗaya ta taso ta fashe. Bayan jimawa wata ta biyo.

Ya yi mini bayani a taƙaice. Gaskit wani shimfiɗaɗɗen abu ne tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ke raba wuta da ruwa da mai. In ya ƙone, ruwa ya riƙa shiga inda wuta take, ya fita ta salansa, inji ya bushe ya ɗau zafi har ya tsaya.

"Ɗiyata, gaya mini gaskiya, wagga mota tana shan ruwa?"

"Ba ta sha. Kullum da safe ina dubawa, a cike nake samunsa."

"Ba ki ƙara mata?"

"Ko cokali."

Ya cire hula ya sosa kai. "To abin da ban gane ba ke nan. In gaskit na, dole ta sha ruwa. Fulogi ya ce gaskit, kumfa ta ce gaskit, ruwa ya ce ƙarya mukai. Ba ni buɗe injin Saje bisa zato, in na buɗe ba ta tahiya jibi. Koma da ita gida. Gobe da sahe kawo ta, mu sake gani."

Na koma da ɗan guntun fata a raina, na riƙe shi gam. Mama ta tare ni a ƙofa da tambaya, na ce mata tukuna. Baba yana kwance a tabarma a inuwar zaure, idonsa a rufe. Bai tambaye ni komai ba. Mutumin da ko iska aka ƙara wa taya sai ya ji bayani, yau an kai motarsa gareji bai ce uffan ba. Abin ya tsaya mini, amma na ɗauka ciwo ne.

Washegari na riga lokacin tashina, don zullumi bai bar ni na yi barcin kirki ba. Masallacin maƙwabtanmu ya idar da sallar asuba, gari ya fara haske. Ina fitowa tsakar gida na ji ƙarar ƙarfe daga inda muke ajiye mota.

Baba ne. Ya ɗaga bonet ya tokare shi, ya jingina ƙirjinsa da motar don ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Butar Mama na hannunsa, yana tsiyaya ruwa a lagireto. Na tsaya ina kallo har butar ta ƙare, lagireto bai cika ba. Akwai wata butar a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya riga ya tanade ta.

"Baba!"

Bai firgita ba. Ya juyo a hankali ya dube ni kamar ni ce aka kama.

"Tun yaushe?" na ce cikin fushi.

"Tun da ta fara."

"Ka san gaskit ne?"

"Na san shi tun ba a haife ki ba."

"Ka bar ni ina duba ruwa kullum kamar wawiya! Ka bar ni in kwashe ka da Mama mu shiga dajin nan da motar da za ta mutu a hanya?"

"Ba za ta mutu ba. A zuba jarkokin ruwa a but. In allura ta hau, a tsaya, a bari ta huce, a ƙara. Na kai mota da ta fi wannan lalacewa inda ya fi nan nisa."

"A tsaya a ina, Baba? Wa zai tsaya da mu?"

Sai ya juya zuwa yarenmu, wanda ba ya yi da ni sai magana ta kai magana, ya ce, "In aka buɗe injin nan, ba zan ga gida ba." Ban taɓa jin babana ya roƙi kowa ba. Ranar ya roƙe ni. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma tsoro ya fi duka biyun yawa.

Na kama shi na mayar da shi ɗaki, nauyinsa bai kai na buhun gero ba. Na ɗauki motar na koma gareji. Da na gaya wa makanike, ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Saje ke nan," ya ce. "Buta biyu a yini, cikin gari. A waccan hanya da ramu da hawa, ba ta kai rabi. In gaya maki tsakani da Allah, ban aminta ba. Amma ubanki na, ke ka yanke shawara."

Na tuna Mama a kujerar baya da kan Baba a cinyarta, mu kaɗai a gefen hanya, tururi na tashi daga bonet, motar ƙarshe ta ɓace a kwana. Na miƙa masa makulli na ce ya buɗe.

Gaskit ɗin ya ƙone ta gefe ɗaya, ya nuna mini wurin. Kan injin ma ya ɗan lanƙwashe saboda zafi, sai an kai shi Kontagora an daidaita. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa mu samu kasuwa mai zuwa, kuma ya yi, don da kansa ya tafi da kan injin Kontagora. Ranar kasuwa Baba yana kwance yana jin motoci na wucewa ta bayan gidanmu. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini. Da na kawo masa kunu ya karɓa ya ce na gode, kamar yadda ake ce wa baƙo.

Ya rasu ana gobe za a ɗaura kan injin. Mu a al'adarmu ba a gaggauta binnewa, sai aka ajiye gawarsa a asibiti don mu kai shi ƙauye.

Har yau in aka tambaye ni, ba na cewa na yi kuskure. Mama tana nan da ranta, ni ma haka, kuma ban san abin da da zai same mu a dajin nan ba. Sai dai sanin haka bai taɓa rage mini komai ba.

Makanike ya gama aikin ya kawo motar har gida, ya tsaya a ƙofa yana share ido da hularsa. Ranar kasuwa muka kwantar da kujeru, muka sa Baba a cikin akwatinsa, muka shiga jerin motoci. Ni na tuƙa. Duk tsawon hanyar idona na kan allurar zafi, ba ta motsa daga tsakiya ba. Da muka wuce Ribah muka gangara ƙauye, dawarsa ta fitar da kai a dama da hagu, ta fi motar tsawo. Na rage gudu, na sauke gilasai duka.