Yadda Yaya Usmanu ya zama darasi

Shekara goma sha bakwai ke nan da wuta ta cinye wana, Yaya Usmanu, a cikin wani jirgin ruwa na dakon kaya a tashar Jidda. Ba zan ce mutumin kirki ne ga kowa ba. Bakinsa da kaifi, hannunsa da sauri, ni kaina na sha mari a wajensa har bayan na yi gemu. Amma ƙaryar da aka yi wa gawarsa ta fi duk abin da ya taɓa yi wa wani.

Ya yi shekaru yana aikin jirgi daga Bur Sudan kafin wani kamfani a tashar ya ɗauke shi ya horar da 'yan kwana-kwanansa. Mutanen nan sun iya aikinsu, sai dai a tudu suka koya. In gida ya kama, a fasa taga, hayaƙi ya fita, a yi ta antaya ruwa. Shi kuwa Yaya kullum maganarsa ɗaya ce, wai jirgi tukunyar ƙarfe ce. In wuta ta tashi a rumbun kaya, a rufe ta ruf, a hana ta iska, a riƙa sanyaya bangon daga waje, kuma kada a cika ruwa har jirgin ya karkace. Yakan shigar da su tsohuwar kwantena da tsakar rana ya rufe ƙofa, wanda ya fara bugawa ya sha zagi har iyayensa. Sun tsane shi, ni ma ban ga laifinsu ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, wuta ta kama dilolin auduga a rumbun wani jirgi. Yaya ya sauka ta wani lungu da ke jikin rumbun don ya ji zafin bango, ya bar wa shugaban masu aikin ranar umarni a gaban kowa: kada a taɓa murfin rumbun. Mutumin ya tsaya riƙe da mesa, hayaƙi na tsiyayowa ta gefen murfi, hannunsa na ƙaiƙayi. Sabo turken wawa. Ya sa aka ɗaga murfin don ya zuba ruwa. Iska na shiga wutar ta yi tsalle, ta bi lungun da Yaya yake. A rufe muka karɓe shi, aka hana matarsa buɗe fuskar.

Uku daga cikin ɗalibansa sun zo ta'aziyya gidanmu a unguwar Bani Malik, suka ja ni gefe suka faɗa mini wannan da raɗa. Da aka zauna bincike kuwa, duk suka zama kurame. Iƙamarsu, watau takardar izinin zama a ƙasar, tana hannun kamfani, kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa. Aka kammala da cewa Usmanu ya sauka ba tare da ya sanar da kowa ba. Matacce ba ya ɗaukaka ƙara.

Yau in ka je tashar, an gina musu ɗakin horo mai siffar jirgi, da matakalar ƙarfe da hayaƙin gwaji. 'Yan kwana-kwanan tudu da ma'aikatan jirgi suna atisaye tare, ana zama da kyaftin a duba taswirar jirgi kafin kowa ya sa ƙafa. Duk abin da Yaya ya yi ta haushi a kai shi ake yi yanzu. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani. Na san shi, ba zai yi murna ba, zai ce matakalar ta cika faɗi. Da kuma ya ga wanda ke shugabantar wurin, watau mutumin da ya ɗaga murfin, ga furfura ga carbi, ina jin da ya roƙi a mayar da shi kabari.

A wannan ɗaki ana ba sabbin ɗalibai labarin wani tsohon malami mai girman kai da ya sauka shi kaɗai bai gaya wa kowa ba. Ba a faɗin suna. Ba a kuma faɗin murfi.

Ɗansa Yasir shekararsa biyar lokacin. Ni na riƙe shi, ban kuma ɓoye masa komai ba. Bara ya nemi aiki a kamfanin, don babu wani kafili, mai tsaya wa baƙo ya samu izinin zama, da ya duba takardunsa sai su, kuma uwarsa da ƙannensa mata biyu shi suke kallo. Watan jiya aka yi musu jarrabawar baka. Shugaban, wanda ya san ɗan waye a gabansa, ya zaɓi wannan labarin ya ce ya bayyana wa 'yan aji inda kuskuren yake.

Yasir ya same ni a shagona na yadi a kasuwar Bab Makka, ya tsaya bai zauna ba, ya kira ni baffa da Larabci kamar yadda ya saba.

"Ya Ammi, na ci."

Na ce me aka tambaye shi. Ya faɗa mini.

"Ka ce me?"

"Na ce malamin ne ya yi ganganci. Har ya ce in maimaita da ƙarfi, na baya ba su ji ba. Khalas, shi ke nan, ya Ammi, kada ka dube ni haka. Iƙamar Ummi saura kaɗan ta mutu."

Na so in mare shi, na so in rungume shi, ban yi ko ɗaya ba. Na ce Allah ya sa albarka, na juya na ci gaba da auna wa wata mata yadi.

To, me ya rage na Yaya Usmanu? Iliminsa yana nan yana tsare rayuka a bakin teku da sunan wasu. Zafin ransa ya bi shi kabari, babu mai kewarsa sai ni. Sunansa kuwa, da nake ganin ko duniya ta ɓata shi akwai gida ɗaya da zai tsira, can ma an je an karɓo shi. Allah ya jiƙanka Yaya. An ce Yasir ya iya bayani, shi za a ba ajin sababbi baɗi.